Wasiƙa zuwa ga ɗana a Ngaundere, a kan barkonon da aka zuba a usur

Garwa, Kamaru, daren Laraba.

Zuwa ga ɗana Babangida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Baffanka da iyalinsa baki ɗaya, ina sanar da kai cewa mu nan gida lafiya ƙalau muke, sai hazo da sanyin asuba da suka sauko mana kamar yadda suka saba a wannan lokaci.

Baffanka ya kira ni ranar Litinin bayan sallar isha, ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya faɗi abin da ke bakinsa, domin ka san halinsa, ba ya son a ce shi ne mai kai ƙarar ɗan ɗan'uwansa. Da ya gama sai ya turo mini bidiyon nan da ke yawo a wayoyin 'yan makarantarku. Na kalle shi sau uku. Na so in kira ka a daren, amma na san yadda maganarmu ta waya take ƙarewa: ni ina ta faɗa, kai kana cewa "to Baba, to Baba", mu rabu ba wanda ya ji wani. Shi ya sa na zauna na ɗauki alƙalami, don ka karanta a natse, ka ajiye, ka sake ɗauka idan zuciyarka ta huce.

Ga abin da ya iso kunnena, in akwai ƙari ko ragi ka gyara mini idan mun haɗu. Tun farkon shekarar karatu ku biyar kuka sa surbeyan ɗinku a gaba, wato malamin da ke tsaron ƙofa da kula da ɗa'ar ɗalibai. Kun laƙaba masa suna Zakaran Ƙofa, saboda tun kafin bakwai da rabi yake tsaye a bakin ƙofa, ƙirji a gaba, usur a wuya. An ce kai ne gwanin kwaikwayonsa, har idan ka ɗaga haɓa ka ja Faransanci ta hanci irin nasa, yaron da ke bayan katanga sai ya gyara tsayuwa. Kun sace iskar tayoyin babur ɗinsa sau biyu. Wata safiya an wayi gari da bunsuru ɗaure a ƙofar ofishinsa, an kafa masa tsohuwar hula, an rataya masa usur na roba a wuya. Sai kuma na ƙarshe, wanda ya sa nake rubutun nan: kun samu hanyar shiga ofishin, kun ɗura garin barkono a cikin usur ɗinsa, ranar Litinin wajen ɗaga tuta ya sa a baki ya ja numfashi zai busa, sai tari ya sarƙe shi a gaban makaranta kaf, ɗaya daga cikinku kuma yana gefe yana ɗauka da waya.

Ba zan ɓoye maka ba, labarin bunsurun ya ba ni dariya. Na yi dariya har Innarka ta leƙo daga ɗaki ta tambayi abin da ya faru. Amma bidiyon bai ba ni dariya ba ko sau ɗaya cikin ukun nan. Abin da idona ya gani shi ne dattijo mai furfura, sa'ana ko ma ya girme ni, ya durƙusa yana dafe da ƙirji, hawaye na zuba, yana neman iska, yara ɗaruruwa suna ihu, kuma har bidiyon ya ƙare babu wanda ya miƙa masa kofin ruwa. Ka san yadda barkono yake a maƙogwaro, tunda a gidan masu yaji ka tashi. Ka san kuma yadda ƙirjin manya yake a watan hazo. Da mutumin nan yana da ciwon asma ko na zuciya, da yau ba wasiƙa nake rubuta maka ba.

Kada ka ɗauka ban san abin da ya yi maka ba, ko kuwa na ɗauke shi ƙaramin abu. Na sani ya sa ka durƙusa a tsakuwa tun safe har rana ta take saboda makarar minti biyar, ranar da ruwan sama ya tare ka a hanya. Na sani ya sa almakashi ya ɓata maka gashi a bakin ƙofa 'yan mata na kallo. Na kuma san wadda ta fi ci maka rai, wadda ka ɓoye mini amma ka gaya wa Goggonka: ya ce maka a gaban aji, ɗan mahauci me zai yi da boko, ka koma ka taya ubanka fifita garwashin soya, wato tsire. Da Goggonka ta kawo mini wannan magana na kwana ban yi barcin kirki ba, domin na san ba don kanka kaɗai ka fusata ba, don ni ka fusata. Na gode maka da wannan kishi, Allah Ya yi maka albarka a kansa.

Amma ka saurare ni da kyau, ɗana. Zagin nan nawa ne, ba naka ba ne. Ni aka zaga, ni ke da hakkin in rama ko in yafe, kuma ban wakilta ka ba. Shekara talatin da wani abu ina riƙe da wuƙa a kasuwar garin nan, ubana ya riƙe ta kafin ni, kai kuma sunansa kake ɗauke da shi. Daga Marwa har unguwar Birketiri ta Yawunde, har Duwala bakin teku, duk inda ka ji ƙamshin soya ko ka ga an shanya kilishi, da wuya ka rasa hannun Bahaushe a wurin, kuma manyan ma'aikata da motocinsu suke zuwa su tsaya su jira a naɗe musu. Da wannan wuƙa aka biya kuɗin makarantarka tun daga ajin farko, da ita aka sayi littattafan da kake ɗauka. Sana'ar da ta yi wannan ba ta bukatar a kare mata mutunci da garin barkono a ɓoye. In mutumin nan ya raina ta, jahilcinsa ne, kuma ranar da sunanka ya fito a jerin waɗanda suka ci jarrabawar Purobatuwar, sannan baɗi ka ci Bak ta kammala sakandare, shi da kansa zai tuna maganarsa ba tare da kowa ya tuna masa ba.

Ban ce dariya haramun ce ba, kuma ban ce babba ya fi ƙarfin a yi masa ba'a ba. Mu ba mutanen da aka hana dariya ba ne. Kai da kanka ka tashi kana jin tatsuniyoyin Gizo daga bakin kakarka, yadda ƙaramin halitta yake wasa da hankalin zaki da kura, ya ci rabonsu ya bar su da cizon yatsa, kuma ba don komai yara ke son Gizo ba sai don suna ganin kansu a cikinsa, su ma ƙanana ne a duniyar manya. Sarakuna ma suna ajiye wawan sarki a fada, wanda zai faɗi a gaban fadawa abin da waziri ba zai iya faɗa ba. 'Yan kama suna kwaikwayon malamai da attajirai a tsakiyar kasuwa. Da azumi yara na tashe, su sa gemun auduga su kwaikwayi tsofaffi gida-gida, a ba su hatsi da kuɗi. Bafulatani da Babarbare za su haɗu a bakin kasuwar shanu su yi wa juna tatas, kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa, su rabu suna dariya. Taubasai haka, kaka da jika haka. A ƙasar nan tamu ma, mu da muka girma da kaset mun san ɗan barkwancin nan, marigayi Jean-Miché Kankan, wanda ya rasu a 1997, yadda yake wasa da masu kaki da tambayar katin shaida a bakin hanya, har su masu kakin suna sauraro suna dariya.

Sai dai ka duba duk waɗannan da na lissafa, za ka ga abu ɗaya ya haɗa su. Mai wasan yana tsaye a fili, fuskarsa a buɗe, an san sunansa da na ubansa, kuma wanda ake yi wa wasan yana da bakin mayarwa. Wawan sarki a gaban sarki yake magana. Bafulatani ba ya jira sai Babarbare ya juya baya. Idan wasan ya wuce gona da iri, an san wanda za a kama, shi kuma ya san haka tun kafin ya buɗe baki, wannan sanin ne yake yi masa linzami. Wasanku kuwa na dare ne da bayan ido. Kun yi kun ɓuya, kun bar abin yana yawo yana neman kan da zai sauka, kuma irin wannan abu ba ya taɓa sauka a kan mai ƙarfi.

Ka san a kan wa ya sauka? Baffanka ya bincika. Yaron nan ɗan ajin siziyem, wato ajin farko na sakandare, da ake sa wa sharar ofishin, shi aka fara kamawa, domin shi aka sani yana shiga wurin. An kore shi na kwana takwas, an kira uwarsa, mace mai sayar da ƙosai, ta zo ta durƙusa tana rantsuwa cewa ɗanta bai aikata ba, ba wanda ya saurare ta. Maigadin makaranta, wanda makullin yake hannunsa, an ba shi takardar gargaɗi, an ce in aka sake zai bar aiki. Sannan akwai wadda na tabbata ba ku tuna da ita ba ko kaɗan: mutumin nan yana da 'ya a makarantar, ƙasa da ku da aji uku, kuma tun ranar ba ta sake zuwa ba, domin duk inda ta bi yara na yi mata tari. Ka ce ka yi ne don an wulaƙanta ubanka a gaban aji. To ita fa, da aka wulaƙanta nata uban a gaban makaranta duka, aka kuma ɗauka aka watsa, wa za ta zuba wa barkono?

Ina faɗa maka wannan ne da ciwo, domin na taɓa tsayawa inda kake tsaye. Ban taɓa ba ka labarin ba, yau zan ba ka.

Ina da shekara 19, ina yaron mahauta a wata mayanka, akwai wani ma'aikacin duba nama da duk muka tsana. Mutum ne mai tsawa da raini, ba ya amsa gaisuwa, yana taɓa nama da bakin sanda kamar ƙazanta, kuma idan ya ce huhu ko hanta ba su da kyau, sai a zuba musu kananzir a gabanka ko da a kansu ribarka take. Naman da bai buga wa hatimi ba kuwa ba ya fita zuwa kasuwa. Wata rana ya ƙwace wa maigidana rabin bijimi, ya kuma zage shi a gabanmu, mu yaransa. Sai mu uku muka haɗa baki. Da ya ajiye hatiminsa ya shiga kewaye, muka ɗauke, muka cusa a cikin tumbin saniyar da ba a wanke ba. Muna gefe muna kallonsa yana zazzage aljihu, yana leƙa ƙarƙashin tebur, yana juyi kamar kazar da aka ɗauke wa ƙwai, mu kuwa dariya kamar cikinmu zai fashe. A lokacin na ɗauka ban taɓa yin abin da ya kai wannan daɗi ba.

Watan Afrilu ne, kuma ka san zafin Garwa a Afrilu, yadda yake haura digiri 40 tun kafin azahar. Mutumin ya rantse ba naman da zai fita sai an ga hatimi. Shanun da aka yanka tun asuba suka yi ta rataye har rana ta raba, mu kuma tsoro ya hana mu fito da abin, domin wasa ya riga ya zama laifi. Kafin a samo wani hatimin daga ofishinsu kasuwar safe ta watse, nama ya fara canza launi, mahauta da yawa suka sayar da asara, har da maigidan nawa da na ce ina rama wa. Wanda aka ɗora wa laifin kuwa masinjan mutumin ne, wani dattijo mai 'ya'ya da yawa da ke ɗaukar masa jaka, wanda kullum yake amsa gaisuwarmu a madadin maigidansa. Aka sallame shi. Na riƙa ganinsa bayan haka yana tura baro a kasuwa, yana gaishe ni da fara'a kamar da, ni kuwa ba na iya haɗa ido da shi. Na yi ta cewa gobe zan gaya masa, gobe zan gaya masa, har aka wayi gari aka ce ya rasu. Na je jana'izarsa, na ɗauki makara, amma ban samu yafiyarsa ba, kuma har yau duk azumi ina fitar da wani abu da sunansa. Shi ma'aikacin bai yi asarar ko dala ba. Abin da ya ƙaru shi ne tsananinsa, ya daina ajiye hatimi, ya daina ɗaga wa kowa ƙafa. Kuma da na girma a sana'a, na san yadda huhun saniya mai tarin fuka yake, sai na gane cewa a cikin abin da yake ƙwacewa akwai wanda da gaske bai kamata ya shiga tukunyar mutane ba, duk da mugun halinsa.

Hausawa na cewa ƙaiƙayi koma kan masheƙiya. Abin da na gani da idona ya fi haka muni, domin wani lokaci iska ce ke kwashe ƙaiƙayin ta zuba a idon mai wucewa, masheƙiyar kuma ta tafi gida lafiya, ta rayu da sanin abin da ta yi. Ba na so ka kai shekaruna kana fitar da sadaka da sunan ɗan mai ƙosai.

Malamanka na allo sun karantar da kai, ni tuni kawai nake yi. A cikin sahabbai akwai Nu'aimanu, mutum mai barkwanci, wanda yakan karɓo kaya bashi a kasuwar Madina ya kai wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, a matsayin kyauta, idan mai kaya ya zo neman kuɗi sai ya kawo shi gaban Manzo ya ce a biya, Manzo ya yi dariya ya sa a biya. Ba a kore shi ba, ba a hana shi raha ba, domin wasansa na ƙauna ne kuma yana tsaye a wurin. Amma a wata tafiya da wasu suka ɗauke igiyar abokinsu yana barci, ya farka a firgice, Manzo ya ce bai halatta Musulmi ya tsorata Musulmi ba. Igiya kawai, ɗana, balle barkono a maƙoshi. Ka buɗe Suratul Hujurat, aya ta 11, ka ga abin da aka ce a kan izgili da jifan juna da laƙabi. Ka buɗe Ma'ida, aya ta 8, inda aka gargaɗe mu kada ƙin wasu mutane ya sa mu bar adalci. Kada kuma ka ce mini ai mutumin ba addininku ɗaya ba, ko ba ƙabilarku ɗaya ba, domin ayar adalcin a kan wanda ake ƙi ta sauka, ba a kan masoyi ba.

Yanzu maganar wayar, wadda ita ta fi tayar mini da hankali. A zamaninmu wasa yana mutuwa a inda aka yi shi, waɗanda suka gani su yi dariya su manta. Naku ba ya mutuwa. Bidiyon da ya baro Ngaundere ya same ni a Garwa cikin sa'o'i, ba ka san hannu nawa ya bi ba, ba ka san kuma inda zai kwana ba. Na ga rubutun da aka sa a ƙarƙashinsa, cewa mutumin yana karɓar sefa ɗari biyar-biyar a hannun masu makara. Kuna da shaida? Ƙasar nan tana da doka a kan laifukan intanet, mai lamba 2010/012 ta 21 ga Disamba 2010, wadda ta tanadi ɗaurin wata shida zuwa shekara biyu, ko tarar sefa miliyan 5 zuwa 10, ko duka biyun, ga wanda ya watsa labarin da ba zai iya tabbatar da gaskiyarsa ba. Ka lissafa shanu nawa zan yanka kafin in tara miliyan biyar. Kada kuma ka ɗauka ana yi wa ɗalibi sassauci don ya ce wasa yake yi. A ƙarshen 2014, a yankin kudu maso yammacin ƙasar nan, wasu samari suka tura wa juna saƙon barkwanci a waya, cewa wai ko Boko Haram ba ta ɗaukar mutum sai ya ci jarrabawa. Malami ne ya ƙwace wayar ɗaya daga cikinsu ya ga saƙon, magana ta kai ga 'yan sanda, kuma a watan Nuwamba 2016 kotun soja a Yawunde ta yanke wa su uku ɗaurin shekara goma-goma. Ni ina ganin an zalunce su, mutane da yawa a ciki da wajen ƙasa ma haka suka gani, amma ganinmu bai mayar musu da shekarun ƙuruciyarsu da suka ƙare a kurkuku ba. Ka kuma tuna cewa tun watan Janairu 2020, da wani ɗalibi ya daɓa wa malaminsa na lissafi wuƙa har lahira a unguwar Nkolbisson ta Yawunde, malamai a ko'ina suke a tsorace, kuma duk abin da ya taɓa jikin malami ba a kallonsa da idon wasa. Majalisar ladabtarwa za ta iya korarka gaba ɗaya saura 'yan watanni jarrabawa, kuma ba wanda zai ce ta yi laifi.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, kafin ranar Litinin ɗin nan kai ne mai gaskiya. Dokar tsarin ilimi ta ƙasar nan, mai lamba 98/004 ta 14 ga Afrilu 1998, a sashe na 35, ta hana duka da duk wani nau'in cin zarafin ɗalibi a makaranta. Na san wannan tun lokacin da na zauna a kwamitin iyayen yara na makarantar ƙannenka. Durƙusar da yaro a tsakuwa rabin yini ba ya cikin aikin surbeyan, zagin sana'ar ubansa ma haka. Addini kansa ya ba wanda aka zalunta izinin ɗaga murya, ka duba Nisa'i, aya ta 148. Da kun rubuta abin da yake yi muku, rana kaza ya yi kaza a gaban wane da wane, ku biyar ɗin nan kuka sa hannu da sunayenku, kuka kai wa shugaban makaranta ta hannun Baffanka da kwamitin iyaye, da shi ne yau yake neman bakin kare kansa. In maganar ɗari biyar ɗin gaskiya ce, nan ne wurinta, da bakin waɗanda suka bayar. Na san za ka ce ba a sauraron ɗalibi, kuma ban ce kullum ana saurara ba. Amma takarda mai sa hannu tana zama a ofis, ta biyu ta zo ta same ta, ta uku ta zo, kuma na ga inda irin wannan ta sa aka ɗauke mutum daga wuri. Sa suna a ƙarƙashin ƙara ya fi shiga ofis da dare wuya, na sani, domin wanda ka kai ƙara zai san kai ne, kuma gobe za ka bi ta ƙofarsa. Irin wannan ƙarfin zuciya nake so in gani a wurinka. Yanzu kuwa kun ɗauki gaskiyarku kun miƙa masa da hannu biyu, ya zama shi ne abin tausayi, duk wanda ya zo da kuka a kansa za a ce ai 'yan barkono ne.

Game da baiwarka ta kwaikwayo, ban ce ka binne ta ba. Tun kana ƙarami kake sa gidan nan dariya da muryar mai gyaran rediyo da tafiyar Kawunka, kuma Kawun naka ya fi kowa jin daɗi domin a gabansa kake yi. Ga makon matasa yana tafe kafin bikin 11 ga Fabrairu, makarantu na shirya wasannin kwaikwayo. In an bar ka a makarantar, ka shiga, ka hau dandamali da sunanka, ka yi wasa a kan makara da tsaron ƙofa da halin ɗalibai da na malamai gaba ɗaya, ba tare da ka ware mutum ɗaya ka tsiraita shi ba. Amma bana ka bar muryarsa, ka bar tafiyarsa, ciwon bai warke ba. Sunan nan na Zakaran Ƙofa kuma kada in sake jin sa a bakinka.

Ga abin da za a yi. Yau ɗin nan ka goge bidiyon daga wayarka, ka roƙi duk wanda ka tura wa ya goge, ko da ka san ba zai gogu duka ba. Ranar Asabar in Allah Ya kai mu zan ba yara rumfa, in hau motar safe, in mun haye dutsen da ke kan hanya lafiya ina Ngaundere kafin la'asar. Ranar Lahadi ni da kai da Baffanka za mu fara zuwa gidan yaron nan, ka gaya wa uwarsa gaskiya da bakinka, a gaban ɗanta, ka nemi gafararsu, ni kuma zan ɗauki nauyin abin da korar ta jawo musu. Daga nan sai wurin maigadi. Ranar Litinin mu je ofishin shugaban makaranta, ka faɗi naka laifin. Ban ce ka lissafa sunayen abokanka ba, wannan tsakaninku ne, amma ka gaya musu tun yanzu abin da za ka yi, don mai zuciya a cikinsu ya biyo ka. Ina sa ran wanda ya kai kansa ba za a yi masa hukuncin wanda aka kamo ba, amma ko me aka yanke za mu karɓa, in ma kora ce za mu nemi wata makarantar, ba za ka rasa jarrabawarka ba in ina numfashi.

Shi kuma surbeyan, za ka ba shi haƙuri a kan barkonon da bidiyon, ba tare da ka haɗa da "amma" ba. Idan ka gama sai ka fita ka bar mu. Maganar tsakuwa da almakashi da ɗan mahauci ni zan yi ta da shi, ido da ido, a gaban shugabansa, da rigar da nake zuwa kasuwa da ita.

Innarka ta ce in gaya maka ba ta fushi, amma ta rage cin abinci tun ranar Litinin, ka kira ta ka ji muryarta. Ta haɗa maka kilishi da yaji, da wani ƙunshin daban na gidan yaron. Ka gaida Baffanka da Goggonka, ka riƙa sa rigar sanyi da asuba.

Allah Ya shirya mana kai, Ya tsare ka.

Ni ne mahaifinka.